Fistin da kwanrod na injin turbo: wanne zai jure manmu da zafin Katsina?

Mai Golf, Ƙofar Marusa:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina neman shawararku a kan motata, Golf 4 ƙirar 2002 mai injin 1.8 turbo, wanda lambar da ke jikin bulonsa AUM ce. Ta fara hayaƙi da shan baƙin mai, da aka sauke top, wato murfin saman injin, aka zare fistin sai aka tarar 'yar katangar da ke tsakanin ringi na farko da na biyu ta karye a silinda ta uku, har ta karce bangon silindar. Tunda an riga an buɗe injin, ina so a haɗa shi yadda zai ɗauki turbo K04 a madadin ƙaramin K03 da ya zo da shi, domin ƙarfinsa ya tashi daga doki 150 zuwa wajen 250. Ba motar tsere ba ce, da ita nake zuwa aiki, kuma ina yawan bin hanyar Daura da ta Kano. Wane fistin zan saya, kuma shin dole ne in canza kwanrod, wato sandunan da ke haɗa fistin da karanshaf, ko waɗanda ke ciki za su iya?

Baba Makanike, Ƙofar Ƙwaya:
Wa alaikumus salam ɗana. Kafin a yi maganar abin da za a saya, ya kamata a san abin da ya karya na farkon, domin wannan katangar ba ta karyewa don tsufa kawai. A mafi yawan injinan da na buɗe na ga irin wannan karaya, ko dai man ya riƙa fashewa a cikin silinda ba bisa ƙa'ida ba, wato ƙarar nan mai kama da tsakuwa a gwangwani da ake ji in an taka totur a kan babbar giya, ko kuma ringi ya yi zafi ya miƙe har bakunansa biyu suka haɗu, ya rasa inda zai je sai ya ɓalle katangar. Ka duba fulogin silindar da nozul ɗinta da famfon mai. Ni a ganina ma, in kuɗinka ba su da yawa, ka nemi injin Baljiyam mai lafiya ka ɗora, ka bar motar a yadda kamfani ya yi ta.

Matashin Ƙofar Ƙaura:
Allah ya ƙara girma, Baba, amma injin Baljiyam na wannan motar shi ma ya haura shekara ashirin, kuma babu wanda ya san irin wahalar da ya sha kafin ya iso Ladipo ko Ƙofar Ruwa. Yayana, shawarata ita ce ka sayi ƙirarren fistin na alminiyam mai lamba 2618, irin wanda kamfanonin JE da CP suke yi wa injinan turbo, ka haɗa da kwanrod mai siffar H. Wannan haɗin na 2618 asalinsa na kamfanin Rolls-Royce ne, an yi shi don injinan jirgin sama, kuma da shi aka ƙera gangar jikin jirgin Concorde. In man ya fashe ba daidai ba, lotsawa yake yi maimakon ya tarwatse. Da irin man da muke sha a nan, wannan shi ne kwanciyar hankali, kuma ko nan gaba ka so doki 400 ba sai ka sake buɗe injin ba.

Injiniya, Daura:
Assalamu alaikum. Maganar Baba ta farko ita ce ginshiƙi, kuma ina goyon bayanta ɗari bisa ɗari. Abin da ƙanena na Ƙofar Ƙaura ya faɗa game da taurin 2618 gaskiya ne, sai dai bai ambaci abin da ake biya a madadin wannan taurin ba, kuma a motar zuwa aiki wannan shi ne abin dubawa.

Fistin iri biyu ne a asali. Akwai na zubi, wanda ake narka alminiyam a zuba a mazubi, kamar yadda ake zuba tukwanen dalma a kasuwa, akwai kuma ƙirarre, wanda ake danne dunƙulen ƙarfen da injin matsi mai nauyi har ƙwayoyinsa su jeru su bi siffar fistin ɗin. Na zubi da yawa ana cika musu sinadarin silikon, wani har kashi 16 zuwa 18 cikin ɗari, wanda ke sa su jure gogayya kuma kada su kumbura sosai da zafi, amma yana sa su zama masu saurin tsagewa idan suka sha duka. A cikin ƙirarru kuma, haɗi biyu ne suka shahara. Mai lamba 4032 yana da silikon wajen kashi 12, shi kuwa 2618 kusan babu silikon a cikinsa. Rashin silikon ɗin ne ke ba shi juriyar duka, kuma shi ne ke sa ya fi kumbura idan ya ɗau zafi, da misalin kashi 15 cikin ɗari fiye da 4032. Saboda haka dole a bar masa rata mai faɗi tsakaninsa da bangon silinda. A silinda mai faɗin milimita 81 irin ta wannan injin, 4032 yakan nemi ratar da ba ta wuce 0.05 zuwa 0.07 na milimita ba, shi kuwa 2618 yakan nemi wajen 0.09 zuwa 0.11. Da asubar hunturu, kafin injin ya ɗumama, fistin ɗin 2618 zai riƙa kaɗawa yana bugun bango, kuma duk wannan kaɗawar tana cin ringi da ramin ringi a hankali. Motar da ake tayarwa a kashe sau da yawa a rana, daga gida zuwa ofis zuwa kasuwa, rabin rayuwarta a sanyaye take yi.

Don haka ga doki 250 ko ƙasa da haka, ni 4032 zan zaɓa, irin waɗanda Mahle da Supertech suke yi. Ƙarfinsa ya ishe wannan aikin, kuma zai daɗe.

Matashin Ƙofar Ƙaura:
Injiniya, na fahimci batun ratar, amma ina ganin an raina matsalar manmu. Kowa ya tuna gurɓataccen fetur mai sinadarin metanol da aka shigo da shi ƙasar nan a watan Fabrairun 2022, wanda ya lalata motoci da dama. Ko a yau ma, wanda mai ya yanke masa tsakanin Mashi da Daura, wajen 'yan bumburutu zai tsaya, kuma bai san abin da ke cikin galan ɗin ba. Ashe ba gara fistin mai ƙara da safe ba, a kan wanda zai tsage rana ɗaya?

Injiniya, Daura:
Tambayarka a kan hanya take, ƙanena, amma amsar mugun mai ba ta cikin irin alminiyam ɗin, tana cikin yawan matsin da ake yi wa cakuɗen mai da iska. Ko 2618 ne, in fashewar ta ci gaba, abin da zai faru shi ne fistin ya tsira na ɗan lokaci, dukan ya wuce zuwa mital, wato shimfiɗar ƙarfen da ke tsakanin kwanrod da karanshaf, da kwanrod ɗin kansa da gasket. Abin da ake so shi ne kada fashewar ta faru tun farko.

Bari in kawo lissafin wannan injin. Faɗin silinda milimita 81, tafiyar fistin milimita 86.4, jimillar girmansa cc 1781, wato kowace silinda tana shan wajen cc 445. Matsinsa daga kamfani 9.5 ne a kan 1, ma'ana sararin da ke saura a sama idan fistin ya kai ƙololuwa wajen cc 52 ne. An tsara shi ne a kan fetur mai lambar oktan 95, wato lambar da ke nuna juriyar mai ga irin wannan fashewar, alhali ma'aunin da aka gindaya wa fetur a Najeriya 91 ne, in ma an cika shi. Sannan ga zafi. A watan Afrilu da Mayu iskar Katsina tana haura digiri 40, kuma idan turbo ya ƙara wa wannan iskar matsin bar 1, wato ya kusan ninka matsinta, tana fitowa daga cikinsa da zafin da ya wuce digiri 130, sai ɗan ƙaramin lagireton iska guda ɗaya da ke ɓoye a gaban taya ya yi ƙoƙarin sanyaya ta. Iska mai zafi da mai mai ƙarancin oktan da matsi mai yawa, su ukun nan ne ke haifar da fashewar da Baba ya ambata.

Kamfanin da kansa ya nuna hanya. Lokacin da ya ɗora K04 a kan wannan injin a cikin Audi TT da S3 masu doki 225, sai ya sauke matsin zuwa wajen 9.0, ya sa lagireton iska guda biyu, ya sa manyan nozul. Wannan kuma a Turai ne, inda ake samun mai mai oktan 98 a gidan mai, kuma zafi bai kai namu ba. To mu da muke da 91 da zafin bazara, ban ga dalilin da zai sa mu tsaya a 9.5 ba. Ni 8.5 nake ba da shawara. Wannan yana nufin sararin saman ya koma wajen cc 59, ƙarin cc 7 ke nan, kuma a cikin kwarmin kan fistin ake samar da shi. Za a ɗan ji motar ta yi nauyi kafin turbo ya kama, za ta kuma ɗan ƙara shan mai a cikin gari, wanda tun bayan cire tallafi a watan Mayun 2023 ba ƙaramin abu ba ne, amma a ganina wannan farashin ya fi sauƙi a kan sake buɗe injin. Kuma ina roƙon mai motar ya sassauta burinsa zuwa doki 220 ko 230, domin a kan wannan man 250 na nufin tafiya a bakin iyaka kullum.

Baba Makanike, Ƙofar Ƙwaya:
Injiniya ya yi bayani, Allah ya saka da alheri. Ina da ƙari guda biyu daga abin da muke gani a gareji. Na farko, ɗana, ka tambaya ko an taɓa yanke top ɗin nan. Yawancin motocinmu sun taɓa yin zafi an kai top wajen masu yanka, kuma duk abin da aka yanke ƙarin matsi ne. Na biyu, kada kowa ya ba ka shawarar ɗora gasket biyu ko mai kauri sosai don a rage matsi. Akwai 'yar rata ƙarama tsakanin gefen kan fistin da fuskar top wadda ke tura cakuɗen zuwa tsakiya don ya ƙone da sauri, in ka buɗe ta da kaurin gasket ka ɓata ƙonewar, ga shi kuma gasket biyu ba sa riƙe matsin turbo.

Injiniya, Daura:
Haka yake, Baba. In an yanke rabin milimita daga top, an rasa wajen cc 2, matsin ya tashi daga 9.5 zuwa kusan 9.8, kuma mai yiwuwa wannan na cikin abin da ya karya fistin na farko. A auna ɗakin ƙonewar da sirinji da baƙin mai mara kauri kafin a yi odar komai.

Mai Golf, Ƙofar Marusa:
Na gode ƙwarai, iyayena. Na tambayi wanda na sayi motar a hannunsa, ya tabbatar mini an taɓa yanke top sau ɗaya bayan lagireto ya fashe masa. An kuma gwada nozul, ta silinda ta uku ba ta fesa mai kamar sauran. Saura batun kwanrod, domin makanikena yana cewa na cikin lafiyarsu ƙalau, a mayar da su a rage kashe kuɗi.

Baba Makanike, Ƙofar Ƙwaya:
Ido ba ya gane lafiyar kwanrod, ɗana. Motar da ta taɓa shiga ruwan damina a kwalbati ta shaƙi ruwa ko kaɗan, kwanrod ɗinta na iya lanƙwasa da abin da ido ba zai gani ba, ta kuma ci gaba da tafiya. Yadda muke ganewa shi ne a mayar da fistin huɗun, a juya kowanne ya kai ƙololuwa, a auna tsayinsa da fuskar bulo. Wanda ya gaza 'yan uwansa, kwanrod ɗinsa ya gajarce.

Injiniya, Daura:
Ko da an auna an same su a miƙe, ni ba zan mayar da su ba, kuma a nan ne na fi tsayawa da ƙarfi. A wannan injin, masu ƙara masa ƙarfi sun daɗe da sanin cewa kwanrod ne ke fara sarewa kafin fistin. Da za a ce mai motar ya zaɓi ɗaya kawai ya canza, kuma bangon silindarsa bai karce ba, da kwanrod zan ce ya canza.

Abubuwa biyu ne ke kashe kwanrod, kuma ba hanya ɗaya suke bi ba. Na farko dannawa daga sama, wato ƙarfin murɗawar injin. Wannan motar ta fito da Nm 210 a ma'aunin ƙarfin murɗawa, kuma abin da aka saba faɗa shi ne na kamfani sukan fara lanƙwasa idan an doshi Nm 400. K04 ƙaramin turbo ne mai saurin kamawa, yana zuba ƙarfinsa gaba ɗaya tun injin yana wajen juyi 3000 a minti, kuma dannawa mai nauyi a ƙaramin juyi ita ce mafi muni ga kwanrod. In an saita motar a Nm 330 ko 350, a takarda akwai saura, amma fashewa ɗaya mai ƙarfi a hawan gada da rana tsaka tana iya cinye wannan sauran, ga ƙarfen kuma ya shekara ashirin yana aiki. Na biyu shi ne fizga. Idan fistin ya kai sama a zagayen fitar da hayaƙi, babu matsin da zai tare shi, kusoshi biyu na kwanrod ne kaɗai ke riƙe shi kada ya wuce. Wannan fizgar tana ƙaruwa ne da ninkin juyi a kan kansa, shi ya sa daga juyi 6500 zuwa 7500 take ƙaruwa da kashi ɗaya bisa uku.

Abin da ake nema shi ne ƙirarren kwanrod na ƙarfe mai lamba 4340, tsawonsa milimita 144, da kusoshin kamfanin ARP masu lamba 2000. Batun siffar H ko siffar I kuwa, a wannan matakin ƙarfin bai kai a yi jayayya a kansa ba, kowanne in na kirki ne ya isa. Kada a kashe kuɗi a kan kusoshin L19, domin ko da yake sun fi ƙarfi, ba sa son danshi, ko gumin hannu yana iya cutar da su, kuma na motocin tsere ne da ake buɗewa a kai a kai.

Mai Kayan Gyara, Katsina da Ƙofar Ruwa:
Assalamu alaikum. Ni ɓangaren saye zan yi magana a kai, domin a nan ne kuɗin mutane ke salwanta. Injinan 1.8 turbo ba fil ɗaya suke amfani da shi ba, wato ɗan ƙarfen da ke haɗa fistin da kan kwanrod. Na farko-farko irin su AEB da AGU, da kuma BAM mai doki 225, fil ɗin fistin ɗinsu milimita 20 ne. Na baya irin AUM ɗin Alhaji mai Golf milimita 19 ne, kuma kan kwanrod ɗin a fiƙe yake ta sama don ya shiga cikin fistin. Wanda zai riƙe fistin na kamfani dole ya nemi kwanrod 144 da 19 mai fiƙaƙƙen kai. Amma tunda Alhaji zai canza duka biyun, ya sayi fistin da kwanrod masu fil 20, su ne suka fi yawa a kasuwa kuma sun fi ƙarfi. Ya rubuta wa mai kawo masa kayan waɗannan lambobin a takarda, kada ya ce masa na Golf 4 kawai.

Ya kuma tabbatar fistin ɗin na injin mai bawul 20 ne, domin kowace silinda bawul biyar gare ta, uku na shiga biyu na fita, kuma dole a sami gurbinsu a kan fistin, da kuma yankan da ke ba bututun fesa baƙin mai wuri a ƙasansa. Sannan jabu ya yi yawa, musamman kusoshi masu ɗauke da tambarin da ba nasu ba. Kayan kirki suna zuwa da takardar da ta faɗi ratar bango da ratar ringi da yawan miƙewar kusa. In babu wannan takardar, ni ba na karɓa. Idan sun iso, a ɗora kowane kwanrod a kan sikelin masu sayar da zinari, bambancinsu kada ya wuce giram ɗaya ko biyu.

Mai Injin Borin, Katsina:
Ranku ya daɗe, ina da roƙo a madadin masu irin sana'ata. Kada a kawo mana bulo a ce a yi borin, wato a faɗaɗa silinda, zuwa milimita 81.5 alhali fistin yana hanya. A kawo fistin ɗin da takardarsa tare da bulon, mu auna kowanne a siket ɗinsa, wato ƙasan jikinsa, a daidai wurin da kamfanin ya nuna, mu yanka kowace silinda a kan nata fistin, mu sa musu lamba. Mun saba da fistin na zubi da ake matsewa sosai, kuma wanda ya yi wa ƙirarren fistin irin wannan matsewar, yana hawa titin Kano injin ya ɗau zafi fistin zai kama bango. In karcen bai yi zurfi ba, 81.5 ya isa, girman injin ya koma wajen cc 1803, kuma an bar nama a bango saboda gaba. Alhaji ya tambayi duk wanda zai ba aikin ko yana da maikiromita da agogon auna cikin silinda, ya kuma nemi a auna a gabansa.

Matashin Ƙofar Ƙaura:
Na karɓi hujjar 4032 a kan wannan motar, Injiniya, ko da yake wanda zai haura doki 350 har yanzu 2618 zan nuna masa. To yaya batun ratar ringi, tunda Baba ya ce tana iya zama sanadin karayar?

Injiniya, Daura:
A kan mai neman 350 ba mu da saɓani. Ratar ringi kuwa, ƙa'idar da masu ƙera ringi suka saba bayarwa ga injin turbo na kan titi tana kamawa daga 0.005 zuwa 0.006 na faɗin silinda, wato a nan ringi na sama ya sami 0.40 zuwa 0.48 na milimita, na biyu kuma ya ɗan fi shi kaɗan don iskar da ta tsallake na farko ta sami mafita. Saboda zafinmu ni ɓangaren faɗin nake karkata, domin rata mai ɗan yawa hayaƙi kaɗan take jawowa, mai ƙaranci kuwa fistin take karyawa. Kowane ringi a saka shi cikin silindarsa, a daidaita shi da kan fistin, a auna ratar bakunansa biyu da ma'aunin rata na filagej, a goge bakin a hankali. In takardar kamfanin ta faɗi wani adadi dabam, ita za a bi.

Haka mital ɗin kwanrod, wuyan karanshaf a wurin milimita 47.8 ne, ratar mai kuma wajen 0.04 zuwa 0.05 ake so, a gwada da zaren awo na Plastigauge. Kusoshin a shafa musu man da ya zo tare da su, a ɗaure da sifanar awo, in an sami ma'aunin miƙewar kusa ya fi. Sannan duk wannan ƙarfen ba zai hana komai ba sai an gyara abin da ya jawo ɓarnar: sababbin nozul masu girman da ya dace da K04, famfon mai mai lafiya, babban lagireton iska a gaba, na'urorin jin fashewa guda biyu da ke jikin bulo a tabbatar suna aiki, da kuma wanda ya san ƙwaƙwalwar motar, Bosch ME7.5, ya saita ta a kan man da ake saya a Katsina, ya ja tayimin ɗin wuta baya, ya kuma hana turbo zuba ƙarfinsa gaba ɗaya a ƙaramin juyi. Fayil ɗin da aka rubuta don man Turai bai dace da motar nan ba.

Mai Golf, Ƙofar Marusa:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Na tsayar da shawara a kan fistin 4032 mai faɗin 81.5 da matsin 8.5 da fil 20, tare da kwanrod 144 na 4340, kuma na haƙura da 250, zan tsaya a inda Injiniya ya ce. Za a auna ɗakin top da sirinji kafin in tura kuɗi, tunda an taɓa yanke shi. Baba, in kun amince, a garejinku nake so a haɗa shi.

Baba Makanike, Ƙofar Ƙwaya:
Ka kawo shi, ɗana, amma da sharaɗi. Bayan borin za mu wanke silinda da ruwan zafi da sabulu da burushi har farin ƙyalle ya fito fes, domin fetur ba ya ɗauke garin dutsen gogewa. A cikin ɗaki za mu haɗa shi, ƙofa a rufe, saboda ƙurar hunturu. Ka taho da sabon bel ɗin tayimin da famfon ruwa da famfon baƙin mai, kuma rariyar da ke tsotso mai daga tire ita ma sabuwa za mu sa, domin wannan injin ya yi suna wajen daskarar da mai a wurin. Tsofaffin kwanrod ɗin ma ka haɗo da su, ina so in auna na silinda ta uku.